Yarjejeniyar Na'urar POS da Ɗan Kasuwar Kudancin Kano



Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, na'urar POS ta zama abokiyar ciniki a Kwanar Dangora da kasuwannin Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, inda rassan banki suka yi wa jama'a nisa. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne, yarjejeniyar da ake bayar da na'urar a kanta an tsara ta ne don shagon birni mai ciniki kullum, shi ya sa take cutar da mai cin kasuwar mako da mai jiran kaka.

A yawancin irin wannan yarjejeniya, kuɗin da mutum ya biya ba na saye ba ne. Na'urar tana nan mallakar kamfani, shi kuwa riƙo kawai aka ba shi, bisa sharaɗin ya riƙa cika wani adadin hada-hada da ake kira taget. In ya gaza, kamfani na da ikon rufe ta ko ya aiko a karɓe. To mai sayen shanshera a Tudun Wada ko masara a Doguwa, cinikinsa na tumbatsa ne da kaka, ya ja baya da bazara, sa'ad da kuɗin manomi ya koma taki da iri. Ga matsalar sabis a ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, wadda ba laifinsa ba ce, amma ranar da sabis ya ɗauke a kansa ake lissafa ta. Haka nan idan an cire kuɗin mai kati bai shigo ba: Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 a mayar tun 2020, amma kafin nan mai shago ne ke shan rigima da maƙwabcinsa.

Za a ce ai ba a tilasta wa kowa ba, da hannunsa ya amince. Sai dai sharuɗɗan da Turanci suke, a cikin waya, kuma sau da yawa wakilin da ya kawo na'urar ne ke latsa amincewar. Yardar da ba a san abin da aka yarda da shi ba, ko a fiƙihun ciniki ba ta cika ba. Za a kuma ce kamfani ya kashe kuɗi a na'urar, dole ya mayar. Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda zai musa cewa irin su Moniepoint da OPay sun kai hidima inda bankuna ba su kai ba. Amma mayar da jari bai hana a auna taget da shekara maimakon mako ba. Ga shi kuma nauyi na ƙaruwa: a 2024 an wajabta wa masu POS rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan harajin naira 50 kan turin naira 10,000 zuwa sama ya hau kan masu hulɗa da waɗannan kamfanoni a Disambar shekarar.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na waɗannan wurare huɗu su nemi a ba su sharuɗɗan a rubuce da Hausa, a fayyace mai na'urar, da makomar kuɗin da aka biya idan an karɓe ta. Kada ɗan kasuwa ya karɓi na'ura sai an amsa masa waɗannan tambayoyi a gaban shaida.