Kula da Daji da Kare Shi daga Gobara: Sana'a ce, Kuma Nauyi ne a kan Shugabanni

Gobarar daji a ƙasar Hausa tana da lokacinta. Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, to daji ya zama abin da ƙyastu ɗaya ke cinyewa, kuma haka zai kasance har faɗuwar damina. Akasarin wutar hannun mutum ne ke kunna ta: mafarauci mai korar gafiya da zomo, mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wuta a gindin bishiya, mai gawayi da ya tafi bai kashe raminsa ba, manomi mai ƙona sassabe da tsakar rana, da makiyayin da ke son sabon tsiro ya fito wa dabbobinsa.

Asarar ba ta tsaya ga ciyawa ba. Wuta kan cinye dammunan gero da dawa da aka jinge a gona, da harawa, da rumbunan bakin gari. Tana ƙone ganye da karan da ya kamata su ruɓe su zama taki, ta bar ƙasa tsirara, iska ta kwashe ta da rani, ruwan farko ya wanke saura. Babbar kuka ko tsohuwar kaɗanya kan tsira saboda kaurin ɓawo, amma 'yan ƙananan ɗorawa da tsamiya da gawo ba sa kai labari. Dajin da ake ƙonawa duk shekara tsofaffin itatuwa kawai ke rage masa, babu masu gadonsu. Idan kuma makiyaya ta ƙone, dabbobi sai su nufi gonakin rani da fadama, rikicin manoma da makiyaya ya taso.

Maganin gobara ana yin sa ne tun wuta ba ta tashi ba. Na farko shi ne share layin tare wuta, wato fili mai tsawo da ake kankare ciyawarsa ƙarƙaf kewaye da gandun daji, makiyaya ko rumbuna. A makiyayan Nijar faɗinsa kan kai mita 15 zuwa 20, kuma ciyawar da aka kankare ana tara ta a ciyar da dabbobi ko a sayar. Na biyu shi ne ƙuna ta wuri: a wasu dazuzzuka ma'aikata kan sa wuta da gangan tun ciyawa na da sauran ɗanyantaka, da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, don ta ci sama-sama, ta rage abin da wutar bazara za ta samu. Wannan aikin masana ne, ba a yin sa sai da izini. Idan kuwa wuta ta riga ta tashi, ba a tarar ta gaba da gaba. Daga gefe da baya ake bugunta da ɗanyen reshe, ana watsa mata ƙasa da shebur, ana lura da inda iska ta nufa, domin wuta ta fi gudu idan tana bin iska ko tana hawan tudu.

Wannan fanni sana'a ce da ake koyo a makaranta. A Najeriya akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, da wata a Afaka kusa da Kaduna, da Kwalejin Kula da Namun Daji a New Bussa, dukkansu a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa da ke Ibadan. Ana yin difloma ta shekara 2, mai son ci gaba ya ƙara 2 don babbar difloma. Jami'ar Bayero a Kano da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna ba da digiri a fannin. A Nijar kuwa makarantar raya karkara ta Kollo tana horar da jami'an ruwa da dazuzzuka. Wanda ya gama kan zama malamin daji, mai gadin gandu irin Yankari ko Falgore, mai kula da wurin renon itatuwa, ko malamin faɗakarwa. Shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, yana aiki a jihohi 11 na arewa, kuma irin waɗannan ma'aikata yake buƙata. Wanda bai yi boko ba ma yana da rabo: renon dashe a leda, kiwon zuma a akwati maimakon ƙona amya, ɗiban ƙaro, da sarrafa kaɗe da kalwa, wanda galibi mata ke yi.

Sai dai malamin daji ɗaya ba ya tsare dajin gunduma guda. Abin da ya faru a jihar Maradi ya nuna inda ƙarfin yake. Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya shiga jawo hankalin manoma su daina tumɓuke kututturen kalgo da sabara da gawo, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su sassabe saura. An kira wannan tsari sassabin zamani. Ya yaɗu ne bayan manoma sun tabbata itacen da suka rena nasu ne, ƙauyuka kuma suka kafa kwamitocin sa ido. An ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Akasin haka shi ne dazuzzuka irin Rugu da Kamuku, waɗanda da kulawa ta yi rauni suka zama mafakar ɓarayin daji.

Saboda haka kowane gari na buƙatar kwamitin daji a ƙarƙashin dagaci ko mai unguwa, wanda ya haɗa sarkin noma, sarkin baka, arɗo, liman, shugabar mata da matasa 'yan sintiri. Aikinsa ne ya sa ranar gayyar share layi kafin hunturu, ya tsayar da lokacin ƙona sassabe, ya raba wa unguwanni sintiri, ya ajiye lambar wayar malamin daji, ya kuma yanke tara da yardar jama'a, wadda za ta hau kan ɗan sarki kamar yadda take hawa kan ɗan talaka. Garin da ke son dajinsa ya ɗore ya zauna kan wannan magana tun kafin a gama girbi, kuma iyaye su tura ko da yaro ɗaya, namiji ko mace, ya karanto aikin daji ya dawo ya yi wa garinsu.