Maganar Allah da Harshen da Muka Sha a Nono



Yau muna so mu yi magana a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunmu, da waɗanda suka sha wahala kafin ya iso mana.

A da, a ƙasashen Turai da yawa, da Latin ake karanta Nassi a majami'a, talaka kuwa ba ya jin Latin. A shekarar 1522, Martin Luther, yana ɓoye a gidan sarauta na Wartburg domin ransa na cikin haɗari, ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci cikin kimanin mako 11. Ya lura da yadda uwa take magana a gida, da yadda ake ciniki a kasuwa, ya rubuta da irin wannan harshe. William Tyndale ya yi wa Turanci irin wannan aiki a 1526. A 1536 aka shaƙe shi, aka ƙone gawarsa kusa da Brussels.

Wannan aiki bai tsaya a Turai ba. Wani Bajamushe mai bishara, J. F. Schön, ya duƙufa a kan Hausa tun daga 1841. Amma ba shi kaɗai ya yi ba. Wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda Heinrich Barth ya kai Ingila a 1855, shi ya zauna da Schön yana ba shi Hausa daga bakinsa. Daga baya Dokta Walter Miller ya yi shekaru a Zariya yana fassara tare da abokan aikinsa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

To, 'yan'uwa, ina muke yau? A wasu ikkilisiyoyinmu, idan fasto ya yi tafiya, sai a rasa mai karanta Nassi a sujada. Yaranmu suna iya haddace aya da Turanci, amma ka ce su bayyana wa kakarsu, sai su yi shiru. Mu 'yan kaɗan ne a nan, ma'aikata kuma ba su ishe mu ba. Ikkilisiyar da ba ta iya karatu da kanta, da tafiyar fasto take mutuwa.

Saboda haka muna roƙon dattawa, kowace majami'a ta buɗe ajin karatun Hausa bayan sujadar Lahadi, mata da maza, babba da yaro. Iyaye, a karanta sura ɗaya kowane dare a gida. Wanda ya iya, ya koya wa mutum ɗaya kafin Kirsimati.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin yi. Amin.