Zayyana a Kan Takarda: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya Mazauna Kudancin Kaduna

 An nemi mu yi magana a kan tarbiyyar 'ya'yanmu da aka haifa a birni. Mu kuwa muka ga gara mu ɗauki abu guda mu tsaya a kansa, wato zayyanar da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani.

Dattawan da ke nan sun san ta. Idan yaro ya kai ƙarshen izu sittin, mahaifinsa yakan je wurin gwanin zayyana. Shi kuma ya sami farar takarda mai kauri, ya manna ta a jikin sabon allo, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara da alƙalamin kara, sannan ya kewaye rubutun da zane: da'ira cikin da'ira, da dagi, da layukan da ke sarƙe da juna kamar saƙar tabarma, cikin ja da kore da ruwan ɗorawa. Aikin yakan ɗauki kwanaki. Da wannan allo yaro zai karanta a gaban jama'a, da shi kuma zai zaga dangi suna sa masa albarka, suna ba shi abin da ya sawwaƙa. Ba a samun zayyana biyu da suka zama daidai da juna, domin kowace da hannun da ya yi ta da kuma yaron da aka yi wa.

Wannan fasaha daga rubutun Alƙur'ani na hannu ta samo asali. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar kakansa ya ga yadda ake rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ruwan ɗorawa, ga alamar kumsa a kan aya ta biyar, ga kuri a kan ta goma, ga babbar zayyana a inda aka raba Littafin kashi huɗu, kamar farkon suratu Maryam. Ita kanta takardar tana da labari. A ƙarni na 19 daga Italiya ake kawo ta, ta biyo ta Tarabulus, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma. Idan aka ɗaga ta ga haske sai a ga tambarin jinjirin wata guda uku. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya tarar da ita a kasuwa da yawa, har ana naɗe tufafin da aka rina da ita. Takardar da ta sha irin wannan tafiya ba a yi mata riƙon sakainar kashi, shi ya sa masu rubutu suke ƙawata ta iyakar ƙwarewarsu.

To, yau me muke yi a unguwanninmu? Walimar sauka ta fi ta da girma, akwai rumfuna da kujeru da abinci a leda, amma shaidar da ake miƙa wa yaro daga shagon kwamfuta take fitowa, iri ɗaya ga ɗalibai hamsin, suna kawai ake sakewa. Ba mu ƙi na'ura ba, tana da sauri kuma tana da araha. Sai dai gwanin zayyana, idan shekara ta zagayo ba wanda ya nemi aikinsa, ba zai koya wa ɗansa ba, kuma sana'ar hannu idan ta tsallake tsara ɗaya da wuya ta dawo. Mu mazauna wannan ɓangare na kogi mun ga misali da idonmu. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, gwanayen da suka san sirrin zare da launi suka watse, kowa ya kama gabansa.

A kwalejin horon malamai an koya mana aikin hannu kamar yadda aka koya mana lissafi, kuma abin da muka gani a aji shi ne yaron da ya iya riƙe kamfas da rula da almakashi yakan fi natsuwa a sauran darussa. Kayan aikin ba su da tsada: takarda, ƙaro, gawayi, launi, da haƙuri. Wanda ya iya zayyana zai iya katin ɗaurin aure, da na suna, da na barka da Sallah, har maƙwabtanmu Kirista su saya na Kirsimeti a hannunsa.

Ga masu son ƙarin bayani, muna ba da shawarar littafin Salah M. Hassan, masani ɗan ƙasar Sudan, mai suna Art and Islamic Literacy among the Hausa of Northern Nigeria, wanda aka buga a 1992. Da Turanci aka rubuta shi, kuma harshensa na jami'a ne, sai an daure. Amma ya zauna da malamai da masu rubutu, ya bi yadda suke koyon sana'ar da yadda suke aikinta, ya ɗauke su a matsayin masu fasaha. Wanda kuma yake son ya ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya haye gada zuwa Gidan Arewa, inda ake adana irinsu.

Roƙonmu ga kwamitin ilimi guda biyu ne. Duk ɗan ƙungiya da zai yi wa ɗansa ko 'yarsa walimar sauka a bana, a taimaka masa ya sami zayyanar hannu daga gwanayen garinmu, a biya su farashin da ya dace ba tare da tayi ba. Sannan a dogon hutu mai zuwa a gayyato ɗaya daga cikinsu ya zauna da yaranmu na mako biyu, ƙungiya ta ɗauki nauyin masaukinsa da kayan aiki. Wanda yake da ajin da zai ba mu aro, ya ga sakatare kafin a tashi.