Gyaran Gida Bayan Ruwa: Inda Za Mu Tsuke Hannu da Inda Ba Za Mu Tsuke Ba

 

Kwamitin ƙungiya ya ɗora mana yin magana a kan gyaran gidaje, domin kusan babu gidan da wannan batu bai taɓa ba. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar gari 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Gwange da Fori da Gamboru da kasuwar Monday Market, har fadar Mai Martaba Shehun Borno, duk sun sha ruwa. Dattawanmu sun tuna an yi irin wannan a 1994, shekara 30 cif kafin nan. Abin da ya zo sau biyu kuwa, mai hankali ba ya gini kamar ba zai sake zuwa ba.

Jama'a, mai gyaran gida abu uku yake so: aiki ya yi araha, ya yi kyau, kuma a gama da wuri. To, ukun nan ba sa zama a inuwa ɗaya. In kana son sauri da inganci, aljihu zai ji a jikinsa. In kana son sauri da araha, damina mai zuwa za ta tona asiri. Mu da yawancinmu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin siminti da rodi da na mota suka yi sama, abin da ya rage mana shi ne mu saki lokaci mu riƙe inganci. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina za a fara? A fara da abin da ido ba ya gani. Harsashin gini shi ne farko. A ɗaga daɓen ɗaki ya wuce layin da ruwa ya bari a bango, ko aƙalla ya fi titi tsayi sosai. Gidan tubalin ƙasa da gindinsa ya jiƙa ya ruɓe, shafa masa filasta yaudarar kai ce. A rushe wurin, a tashi gindin da bulo ko jan bulo, irin wanda Borno ta san gininsa tun zamanin Birnin Gazargamu. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe don hana danshi hawa bango.

Na biyu, bulo. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Ashaka ko na Dangote ko na BUA. Mai buga bulo da ke son riba sai ya ƙara yashi don buhu ɗaya ya fitar da bulo da yawa. Ka murza gefen bulon da yatsa. In ya zube kamar gari, ka bar masa kayansa. Araha ba ta ado.

Na uku, kankare. Awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, shi ne haɗin da magina suka sani na ginshiƙi da linta. Sannan a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, domin sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa. A zafin Maiduguri na watan Afrilu, kankaren da ba a shayar ba tsagewa yake yi. Nan ne gaggawa ke cin kuɗin mutum ba tare da ya sani ba.

Na huɗu, wayar lantarki da masai. Wayar da ta kwana cikin ruwa, mai wayarin ya duba ta kafin a mayar da wuta. Masai kuwa a nisanta shi da rijiya, kamar mita 30 in fili ya ba da dama, a ɗaga bakinsa. Mun ga yadda cutar kwalara ta biyo bayan ruwan 2024.

To ina za a tsuke hannu? A fenti, da tayil, da silin ado, da ƙofar ƙarfe mai zane. Waɗannan za su iya jira shekara ɗaya ko biyu, babu wanda zai kwana a waje saboda su. Ma dai bangon da ya sha ruwa yana buƙatar watanni kafin ya bushe. Wanda ya yi masa fenti da wuri, zai ga farin gishiri ya ɓullo, fentin ya kwaɓe.

Game da lokaci, a yi aikin gini daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a tabbata an rufa kwano kafin ruwan Yuni. Katakon rufi a shafa masa maganin gara. Kada a tara siminti fiye da na wata biyu ko uku, kuma a ɗora shi bisa katako, don ƙasa na sa shi ya daskare.

Sai batun birkila da kafinta. In jinga ce, a rubuta: aiki kaza, kuɗi kaza, rana kaza, da shaidu biyu. A biya kashi-kashi, gwargwadon abin da aka gama. Wanda ya zube kuɗi duka a ranar farko, shi zai koma yana bin ma'aikaci da roƙo. Mu ma masu gida mu biya lebura haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Masu gidan haya da 'yan haya su zauna su rubuta wanda zai yi gyara da yadda za a cire kuɗin daga haya, don kada zumunci ya ƙare a gaban alƙali.

Shawararmu ta ƙarshe ga ƙungiya ita ce, gidaje biyar ko goma na layi ɗaya su haɗa kuɗi su sayi tifar yashi da siminti a sari, su ɗauki amintaccen magini guda, sannan su yi gayyar yashe kwata kafin damina. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.