Kyamara a Dajin Zamfara: Aikin Yusuf Anka da Abin da Ya Shafe Mu a Daura

Yau hirar tamu a kan wata sana'a ce da ba kasafai matasanmu ke tunaninta ba, wato ɗaukar fim na gaskiya a wurin da ake rikici. Fim ne da babu ɗan wasa a cikinsa, wanda ka ga yana kuka da gaske yake kukan.

A watan Yulin 2022 sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da wani fim mai suna The Bandit Warlords of Zamfara, a kan jagororin 'yan bindigar Zamfara. Wanda ya shiga dajin ba Bature ba ne. Yusuf Anka ne, matashi ɗan Zamfara, ɗalibin shari'a a lokacin. Ya bi ƙauyuka, ya zauna da waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, ya ji ta bakin 'yan sa-kai da Fulanin da aka ƙone wa rugage, sannan ya je gaban su kansu jagororin.

A ciki akwai Ado Aleru. Mu 'yan Katsina sunan nan ba baƙo ba ne, domin tun 2020 'yan sandan jihar suka ce suna nemansa bayan harin Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari. Akwai kuma Abu Sani, wanda ya yi iƙirarin hannu a sace 'yan matan makarantar Jangebe 279 a Fabrairun 2021. Ya ce an biya kuɗin fansa, sun kuma sayi bindigogi da su. Gwamnati ta ce ba ta biya komai ba. To kun ga amfanin kyamara: maganar ta fito daga bakin mai ita, kowa ya ji, a auna.

Me ya biyo baya? Ministan yaɗa labarai na wancan lokaci, Lai Mohammed, ya ce ana kambama 'yan ta'adda. A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar naira miliyan 5 ga tashar Trust TV saboda nata fim ɗin a kan 'yan bindiga, ta kuma ci irin wannan tarar ga kamfanonin da suka haska na BBC, ciki har da MultiChoice. Daga baya babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara.

Kada mu yi saurin watsar da ƙorafin gwamnati. Gaskiya ne ɗan bindiga yana son a gan shi. Yana son a ga makamansa, a ji tsoronsa, kuɗin fansa ya ƙaru. Mai kyamarar da bai san aikinsa ba zai iya zama ɗan tallar ɓarawo. Amma bambancin yana wurin yadda aka haɗa fim ɗin. Idan ka nuna Aleru yana magana, sannan ka nuna uwar da aka kashe wa ɗa, ka nuna gonar da aka bari babu noma, ai ba talla ka yi masa ba, shaida ka ajiye a kansa. Ɓoye ciwo dai ba ya warkar da shi.

Wani zai ce, mu a Daura ina ruwanmu, ai namu yankin da sauƙi? Alhamdulillahi, da sauƙi in an kwatanta da Batsari ko Jibiya. Amma ku tuna, a watan Mayun 2019 a cikin garin Daura aka sace Magajin Gari, Alhaji Musa Umar, sai bayan wata biyu aka ceto shi a Kano. Ranar 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Kankara, marigayi Shugaba Buhari yana nan Daura. A Satumban 2021 kuma aka rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina. Wurin da babu waya, wa zai faɗi abin da ya faru a daren? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A duniya ma haka abin yake. Waad al-Kateab a Aleppo ta ɗauki For Sama, tana rainon jaririyarta a asibitin da ake jefa wa bama-bamai. Mstyslav Chernov ɗan Yukren ne, fim ɗinsa a kan garin Mariupol ya ci kyautar Oscar a 2024. Ɗan gida ya san harshe, ya san hanya, mutane sun yarda da shi. Sai dai haɗarinsa ya fi yawa, don baƙo yana hawa jirgi ya koma ƙasarsa, shi kuwa ɗan gida iyayensa na nan. Ko baƙon ma bai tsira ba, Tim Hetherington a Misrata ta Libiya aka kashe shi a 2011.

Don haka ba cewa nake ka ɗauki waya ka nufi daji ba. Wallahi kar ka yi. Su Yusuf suna da editoci, da lauyoyi, da mutanen da suka san inda suke a kowane lokaci. Aikin da ke gabanka ya fi kusa. Akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu suna zaune a garuruwanmu, akwai direbobin da suka daina bin wasu hanyoyi, akwai malaman da aka rufe wa makarantu.

In za ka ɗauke su, nemi izini tukuna, ka faɗa wa mutum inda hoton zai je. Wanda zai koma ƙauye, ka rufe fuskarsa, ka sauya muryarsa. Kada ka nuna fuskar yaro ko matar da aka ci wa zarafi. Rubuta rana da wuri. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, nemi na biyu ya tabbatar. Kuma don Allah a daina watsa hoton gawa a Facebook da TikTok saboda neman mabiya. Wannan gawar tana da uwa.

Wata rana yaran da aka haifa a cikin wannan masifa za su tambayi abin da ya faru da garuruwansu. In ba mu ajiye ba, labarin da masu iko da masu bindiga suka ga dama shi za a ba su.

Ku faɗa mana ra'ayinku, shin ya dace a riƙa hira da jagororin 'yan bindiga ko bai dace ba? Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.