Rabon Adireshin Intanet Ga Ma'aikatu Masu Zaman Gida Ɗaya



Batun wannan lacca shi ne kwamfutar nan da ake kira uwar garke, wadda ke ɗaukar shafukan ma'aikatu da ƙungiyoyi da dama a kan intanet, da kuma ko lalle ne kowace ma'aikata ta sami adireshi nata dabam.

Tsarin adireshin da aka kafa a shekarar 1981, wato IPv4, lambobi ne waɗanda jimlarsu ba ta kai biliyan 4.3 ba. A farkon zamanin shafuka, kwamfutar mai nema takan kira lamba ne kurum, ba dole ta faɗi sunan wanda take nema ba. Saboda haka idan ma'aikatu goma suka taru a kan uwar garke guda, tilas a ɗora mata adireshi goma, tamkar masinja ɗaya mai riƙe da makullan akwatuna goma a gidan waya. Ƙa'idar HTTP/1.1 ta shekarar 1997 ita ta wajabta faɗin suna, sai adireshi ɗaya ya wadaci jama'a.

Amma da sauran rina a kaba. Shafi mai tsaro yakan miƙa takardar shaidarsa tun kafin baƙo ya faɗi wurin wanda ya zo, uwar garke kuwa ba ta san shaidar wa za ta miƙa ba. An yi wa wannan magani a 2003 da dabarar SNI, ko da yake Internet Explorer na kan Windows XP bai san ta ba, abin da ya ja jinkiri na shekaru. Ana cikin haka, ran 3 ga Fabrairu 2011, hukumar IANA ta raba ragowar adireshin da ke rumbunta. AFRINIC, mai rabo ga ƙasashen Afirka daga Mauritius, sai an kawo mata hujja take bayarwa.

To, ashe jami'in da ya sa hannu a biya kuɗin adireshi dabam domin shafi kawai, yawanci ya yi ɓarna ne. Wasiƙu kuwa wani abu ne. Masu tace wasiƙun banza sukan duba adireshin da wasiƙa ta fito, kuma wake ɗaya ke ɓata gari: in aka sace akwatin wata ƙungiya aka watsa shara da shi, sai a sa adireshin a baƙin littafi, takardun ɗaukar ɗalibai na maƙwabciyarta su daina isa. Nan ne ya kamata magatakarda ya nemi a ware wa ma'aikatarsa adireshi, a kuma rubuta shi cikin yarjejeniya.