Jawabin Buɗe Dandalin Wasan Kwaikwayo na Matasan Dandin Mahe



Tun da aka kafa harsashin dandalin nan ake tambaya, don me za a yi shi da ƙasa alhali ga siminti a kasuwa? Ba talauci ya sa ba, koyi muka yi. A tsakiyar shekarun 1970, da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a Samaru ƙarƙashin Michael Etherton, sai wani Ba'amurke mai tsara gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara musu gidan wasa. Fasalin gidan Bahaushe ya ɗauka, zauruka kewaye da tsakar gida. Magina Hausawa suka kwaɓa ƙasa, suka murza tubali, suka tayar da bango, suka ƙawata shi da zane irin na Zazzau. Har yau ɗalibai suna wasa a cikinsa.

Abin da ya fi burge ni kuwa, ɗaliban ba su maƙale a cikin gini ba. A 1977 suka kai Wasan Manoma garin Soba, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, manomi ya ga kukansa a fili gaban jama'a.

Mu ma ba baƙin wannan sana'a ba ne. Duk watan azumi yaranmu kan shafa toka a gemu, su ɗaura tsumma, su bi gida gida da tashe, dattijo ya yi dariya ya kuma gane da shi ake. Ɗan tsohon Lardin Sakkwato ne, Abubakar Tunau na Mafara, ya wallafa Wasan Marafa tun 1949.

Saboda haka, matasa, kada ku ɓata dandalin nan da kwaikwayon finafinan Indiya. Ku nuna mana rikicin burtali tsakanin manomi da makiyayi, da yarinyar da aka cire daga aji, da ƙaninmu da ya tafi cirani bai dawo ba. Ginin ƙasa kuma yaɓe yake so. Kafin kowace damina a yi gayya a gyara indararo, a toshe tsaga, kuma ni ne na farko da zan kawo jakin ƙasa.

Mai girma Uban Ƙasa, ranka ya daɗe, da izininka na buɗe wannan dandali da sunan Allah.